Wankan Jego a Garin da Ƙasa Ta Girgiza

Matso kusa, Laminu, maigidana, ka aje salular nan taka ka ji wata magana. Na san za ka yi dariya ka ce tsohuwa ta sami kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta rasa abin yi da su. Bar ni dai. Karatun manya da na yi a rumfar unguwarmu bai wuce rani biyu ba, hannuna kuma ya fi sabawa da muciya a kan alƙalami, amma maganar nan in na ce da baki zan faɗa maka, ina ganin fuskarka zan kauce in shiga labarin awaki. Shekaranjiya ka zo Tasawa ka durƙusa gabana, ka ce matarka ta shiga watanta, kana so in je Mayahi in karɓi haihuwa in yi mata wankan jego. Ka ce ba hannun da ka yarda da shi kamar hannun da ya tsare ka ranar da bene ya faɗi. Na ce sai na yi shawara. Ba wata shawara da nake yi. Labarin da aka shayar da kai tun kana cikin zane rabi ne, ɗaya rabin yana wurina, kuma ya yi mani nauyi.

Ka san ni ba mai tafiya ba ce. A Kona aka haife ni, aka kawo ni Tasawa aure, kasuwar Maijirgi ma da take nan kusa sau biyu na taɓa cin ta, kuma duka biyun na dawo da ciwon kai. Uwarka Balki ita ce autata, ta tara a cikina. Babanka, wanda ban taɓa kiran sunanshi da baki ba sai yau a takarda, Isa, mutumin garin Sarkin Hausa ne, yaro mai ƙoƙarin lakwal, wato makarantar boko, har aka tura shi wata ƙasar Larabawa can bayan hamada ya koyo ilimin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, inda za a haƙa a samu da inda za a yi wahalar banza. Bayan biki ya ɗauki Balki suka tafi. Da cikinka ya tsufa, ka san al'adarmu, haihuwar fari gida ake zuwa yi, gaban uwa. Likitan can ya hana ta hawa jirgi. Sai ga saƙo wai ni in je. Na yi kwana uku ina kuka, kakanka Malam yana zaune kan buzunshi yana jan carbi, sai ya ce mani:

"Ke da kika ce ba wanda ya iya wanka a garin nan sai ke, yau ga ɗiyarki, kina neman mai zuwa maki?"

Na ɗaure kaya. Kanwa, yaji, garin gero, tsamiya, busasshen ganyen dogon yaro buhu guda, da daddawa. A filin jirgi wani mai kaki ya buɗe ƙunshin daddawar ya sa hanci, ya rufe da sauri ya yi mani hannu in wuce, bai ƙara taɓa kome nawa ba.

Kafin in ci gaba, ka san abin da ya sa na riƙe wanka kamar salla. Ina da ya, Rabi, ita ta goye ni. Ta haihu da damina a Kona, itace ya jiƙe, aka yi kwana biyu ba a dafa mata ruwa ba. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, kafin arba'in muka binne ta. Tsofaffin garin kaf bakinsu ɗaya, sanyi ne ya shige ta. Ina da shekara goma sha uku na ji wannan, ya zauna mani a ƙirji. Tun daga nan duk maijegon da ta shigo hannuna, safe da yamma, ko sama za ta faɗo, sai ta sha ruwan zafi da ganye.

Sunan garin kar ka tambaye ni, har yau bakina bai iya shi ba. Teku a gaba, duwatsu a baya, gidaje kuma an ɗora mutane kan mutane kamar kwanukan jere. Namu bene hawa huɗu, mu a na uku. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce fara mai zanen shasshawa a haɓa, ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, amma mukan zauna bakin ƙofa mu yi ta hira kowa da yarensa har mu yi dariya wuri ɗaya. Kullum da safe sai ta miƙo burodi mai zafi, shi ya sa na sa mata Mai Burodi. Abin da ya fi ba ta dariya a wurina shi ne tara ruwa. Ga famfo cikin ɗaki yana zuba dare da rana, amma ni mutuniyar Tasawa, duk bokiti da jarka da tukunyar da na gani sai na cika na rufe. A nan aka haife ka, aka yi suna da ƴan ɗalibai ƴan uwanmu su bakwai da rago guda, na yi ta wankana a ɗan banɗakin da bai fi akurki ba, ina dafa ruwa a kan gas.

Ranar da ka kwana goma sha biyu, da hantsi, na gama wankan safe ina dama kunun kanwa. Tun asuba karnukan unguwa ke haushi, ban kula ba. Sai na ji wani ruri daga ƙasa, kamar manyan motocin kaya goma sun shigo ƙarƙashin ɗakin. Ruwan bokiti ya karkace da kanshi ya zube. Kofuna suka fara tafiya a kan kanta suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, fitilar sama tana lilo har tana bugun rufi. Na sa ƙafa zan taka, daɓen ya kauce mani kamar ina tsaye a kan amalanke jaki ya zabura. Ka san abin da na yi? Abin da uwata ta koya mani in hadari ya taso da iska. Na sure ka, na tura Balki cikin ɗakin kwana, na ja ƙofa na murɗa makulli. A wurinmu duk abin da ya taso, ɗaki ake gudu. Ban taɓa jin masifar da ake guje wa ɗaki saboda ita ba. Da motsin ya tsaya, babanka da bai taɓa ɗaga murya gabana ba ya doki ƙofar nan da kafaɗa.

"Inna, buɗe! Waje za mu, yanzu!"

Muka sauko ba takalmi, tare da mutanen da ban taɓa ganin kawunansu a buɗe ba, aka tara mu a filin ƙwallon wata lakwal. Laminu, abin da na gani a hanya har yau in na rufe ido yana nan. Benen da ke kallon namu, mai hawa huɗu shi ma, ya durƙushe kamar raƙumi, tsawonshi bai fi rumbu ba, ga shanyar mutane a samanshi ba ko ɗaya da ta faɗi daga igiya. Kan hasumiyar masallaci yana kwance tsakiyar titi. Titin kanshi ya tsage, gefe ɗaya ya ɗara ɗaya da kamu guda, ruwan famfo na ta ɓulɓulowa daga ciki. Wani dattijo yana tsaye da tawul, kumfar sabulu ta bushe a kunnenshi, yana kiran suna ɗaya ba ya fasawa. Wata mata ta rungume murfin tukunya kamar jariri. Maza sun hau tarin siminti suna tono da hannu, can sai ɗaya ya ɗaga hannu sama, gari duka ya yi tsit, har masu kuka su haɗiye, ana sauraren ko akwai mai numfashi a ƙasa. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Namu benen yana tsaye, sai dai wata tsaga da ta taso daga gindi har sama ta bayanshi.

Da yamma muna zaune kan kwali, na kasa haƙuri. Ka san suruka ba ta tambayar suruki kai tsaye, sai na juya wajen Balki.

"Tambayi mijinki, bijimin nan da aka ce yana ɗauke da duniya ne ya sauya ƙaho?"

Yana tsugune ɗan nesa da ni, kanshi a ƙasa, yana wasa da tsakuwa. Bai yi dariya ba.

"Inna ta san in an bar tuwo cikin tukunya, sama ya yi ɓawo, ƙasa kuma na nan da zafi da laushi. To haka Allah ya yi ƙasar nan. Ɓawon muke takawa. Kuma ba guda ba ne, a fashe yake manya-manya kamar tsingaron tulu da aka jera, kowane yana ɗauke da garuruwa da teku. Suna tafiya, Inna, amma a hankali, kamar yadda farce ke tsiro."

"Ƙasar ke tafiya?"

"Tana tafiya. Wanda muke kai yana tura na arewa. Bakinsu sai ya sarƙe, kamar ƙafar amalanke ta kama saiwa. Jaki na ja, amalanke na tsaye, shekara da shekaru. Ranar da saiwar ta tsinke, sai a zabura gaba ɗaya, duk abin da ke sama ya watse. Shi ne muka ji ɗazu."

"To mu Tasawa mi ya sa ba mu taɓa ji ba?"

"Tasawa na tsakiyar tsingaron. Garin nan kuwa a kan gaɓar aka gina shi."

Na dafa ƙasa da tafin hannu. Ƙasar da muke binne cibiya, muke sa goshi a kanta sau biyar, wadda in kome ya ɓaci mutum ya zauna a kanta ya huta. Wai ɓawo ce. Na ce, ta ƙare dai ko? Sai ya ɗan ɗago, bai kai ga idona ba.

"Ba ta ƙare ba, Inna. In kaya suka zabura, sai sun yi ta gyara zama. Za ta riƙa dawowa, kwanaki, har makonni, yawanci ƙanana. Ba mai sanin lokacin, ko masu na'ura sai ta wuce suke auna ta. Kuma ginin da ya riga ya tsage, ƙaramar ma ta ishe shi."

Ka ji da kunnenka. An gaya mani. Da Hausa aka gaya mani, da tuwo da amalanke, yadda ko akuya za ta gane. Kar wani ya ce maka tsohuwa ba ta sani ba.

A filin muka kwana, da sanyin teku da yayyafi, ƙasa na ɗan motsawa ƙarƙashinmu kamar dabba mai barci. Da gari ya waye wasu mutane masu hulunan ƙarfe suka bi gida-gida, suka shafa jan fenti a ƙofar benenmu. Ni ba ƙofa nake kallo ba, Balki nake kallo. Wankan yamma ya wuce ta, na safe yana wucewa. Tana rawar ɗari cikin bargo, leɓenta ya bushe, na danna ƙafarta na ga yatsana ya bar gurbi. Rabi na gani kwance. Na ce, yadda kowa zai ji, ruwa yana sama na tara, gas yana sama, ganye yana sama, ba abin da zai hana a hau a yi wanka ɗaya a sauko. Babanka ya matso ya tsuguna.

"Da Inna za ta yi haƙuri, in nemo risho a dafa a nan. Sai a kewaye da barguna."

"A nan? Ɗiyata ta tuɓe a filin ƙwallo, tsakiyar mazan duniya?"

"Ko a kai ta wajen likitocin da suka kafa tanti, su duba ta."

"Likita ya san sanyin jego? Kai ka san duwatsu, ba wanda ya hana ka. Ni tara na haifa, ba wanda aka yi mani wankan kwali."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da wani Balaraben garin ne, ko da ɗan cikina ne, da ya tsaya a ƙofar nan ya ce ba mai wucewa. Amma suruki ne, an yi mashi tarbiyya, ni kuma na hau kan tarbiyyar nan na zauna.

"To, Inna."

Ya faɗa wa Balki wata magana da Faransanci, ya tashi da gudu neman rishon, yana ganin zai riga ni. Yana ɓacewa na ce mata tashi.

"Inna, ya ce kar in hau, ko mi kika ce."

"Shi ya haife ki ko ni?"

Ta tashi. A bakin benen Mai Burodi ta cim mana, ta kama mani zane tana nuna jan fentin, tana magana da ƙarfi har miyau na fita. Da ta ga ba zan tsaya ba sai ta miƙo hannu biyu a ba ta kai. Na ƙi. Na ce ai kai ma ba ka ga ruwa ba tun jiya. Na yi mata murmushin nan da ake yi wa wanda bai san kan abu ba, na zame zanena, muka hau. A matakala tsagar bango ta isa in zura hannu har gwiwa, ina hango waje ta ciki. Na gani, na kau da kai.

Ɗakin yana nan yadda muka bar shi, kunun jiya ya daskare a ƙasa. Na kunna gas, na kwantar da kai kan katifa a falo kusa da teburin ƙarfen da babanka ke karatu. Ruwa ya tafasa, ganye ya yi ƙamshi, na zaunar da Balki a banɗaki na fara fyaɗa mata. Tururi ya cika wurin, na ga jini ya dawo mata fuska, raina ya yi sanyi, har na ce a zuciyata, ga shi nan, da na biye wa ƴan lakwal. Ta ma samu bakin tsokana.

"Inna, wanka kika zo yi ko farfesu?"

"Uwata ta dafa ni sau tara, ga ni ban narke ba. Juya bayan."

Sai ka tsala kuka. Na ce mata riƙe ganyen, bari in duba maigidan nan mai ƙorafi. Taku biyar ne daga banɗaki zuwa inda kake. Ina sunkuyawa rurin ya dawo.

Ba ta kai ta jiya daɗewa ba, mutane sun ce ko rabinta ba ta yi ba. Na faɗa kanka da gwiwoyi da hannuwa, kaina ƙarƙashin teburin, bayana a waje. Wani abu ya sauko mani a baya, na ji kamar an raba ni biyu. Wannan shi ne tabon da ka sani, wanda kake sa yatsa ciki kana ƙarami. Har nan labarin da aka ba ka gaskiya ne. Da ƙura ta lafa na ɗaga kai na kira Balki. Na juya wajen banɗaki. Laminu, ba ƙofa, ba bango. Sama na gani, shuɗiya, da teku can nesa, da tsuntsaye. Bayan benen gaba ɗaya, banɗaki kan banɗaki tun daga sama har ƙasa, ya ɓare ya tafi da ita. Tukunyar ruwan zafin tana nan a bakin ramin, tana tururi, ko digo bai zube ba.

Da tsani aka sauko da mu. Ban san wanda ya karɓe ka ba, sai daga baya na gan ka a ƙirjin Mai Burodi, ta lulluɓe ka da gyalenta, ba ta dube ni ba. Babanka ya iso da risho a hannu. Ya dubi benen, ya dubi inda nake, ya aje rishon a hankali kamar mai gudun ya fashe, ya hau tarin. Tun hantsi yake tono, shi da mutanen da bai san sunansu ba, har faratanshi suka cire. Wajen la'asar wani ya ɗaga hannu, aka yi shirun nan. A cikin shirun na ji muryar ɗiyata daga ƙarƙashin siminti, siririya, da Hausar Tasawa a garin da ba mai jin ta sai mu biyu.

"Inna, ina yaron?"

An fito da ita kafin magariba, ƙafar hagu kuma ba ta fito da amfani ba, a asibiti suka yanke ta ƙasan gwiwa. Rawar ɗarin da na hau bene saboda ita, likita ya ce zazzaɓi ne na nono da ya yi tsami, ƙwayoyi suka ba ta, kwana uku ya tafi.

Ina zaune a barandar asibitin, an naɗe mani baya, babanka ya zo da hannuwanshi biyu cikin bandeji. Na shirya. Na ce yau ko zagina ya yi, ya yi daidai, har ina so ya yi. Sai ya tsuguna nesa kaɗan yadda ya saba.

"Inna, ya bayan?"

"Ni na kai ta. Ka ce kar ta hau, ni na…"

"Inna, in mun koma gida, za a tambaya. Za mu ce Inna ta rufe yaro da bayanta. Ai gaskiya ce."

"Sauran fa?"

"Sauran namu ne mu uku."

Shekara ɗaya ta rage mashi ya gama karatun da aka tura shi. Ya bar shi, don Balki ta ce ba za ta ƙara kwana a garin ba. Abokanshi da suka ƙarasa kana jin sunansu a rediyo, shi kuwa ka san inda ya ƙare, yana bin masu haƙar rijiya a ƙauyukan Mayahi a kan babur. Uwarka da ta fi duk ƴan matan unguwarmu iya rawa, kai ba ka taɓa sanin tafiyarta ba sai da ƙarar sanda. Ni kuwa da muka sauka Tasawa, gidan nan ya cika. Mata suka riƙa shigowa ɗaki ɗaya bayan ɗaya in kwance zane su ga tabon, wasu har su shafa su shafa wa cikinsu. Aka ce hannuna da albarka. Duk wadda za ta haihu a unguwa sai a aiko mani. Na ci goron, na sha addu'ar, ban ce uffan ba. Kakanka Malam ya rasu yana alfahari da ni. Wannan ya fi tabon ciwo.

Kun sha yi mani dariya don na ƙi kwana a ɗakin siminti da kuka gina mani, na zaɓi na kara a tsakar gida. Kun ce ƙauyanci ne. Kun tambayi dalilin kofin ruwan da nake ajewa kusa da kaina ba na sha. Kallonshi nake, in ga ko zai karkace. In babbar mota ta wuce a kan titi bango ya ɗan amsa, ni kaɗai na san abin da cikina ke yi. Babanka ya ce Tasawa na tsakiyar tsingaro, na yarda da shi, ai tun ranar nan ban ƙara musa mashi kome ba. Amma ƙafata ba ta yarda ba. Shekara ashirin da wani abu babanka yana zuwa gaishe ni duk salla, ya tsuguna, ya ce Inna ya bayan, ya aje buhun gero ya tafi. Ko sau ɗaya bai bar maganar ta fito a fuskarshi ba.

Jiya na kira uwarka na ce mata zan faɗa maka. Sai ta ce:

"Inna, ni ma fa da ƙafafuna na hau."

"Da biyu kika hau."

Sai ta yi ƴar dariya, irin wadda ke zuwa da majina.

"Faɗa mashi. Babanshi ya gaji da riƙo, ni na sani, ko bai ce ba."

To na faɗa. Bayan da ya tsare ka nawa ne, bakin da ya mayar da ku cikin benen shi ma nawa ne. Wadda ta so cetonka tun a ƙofa wata tsohuwa ce da ban san sunanta ba, in kana addu'a ka sa Mai Burodi, Allah ya san wadda kake nufi. In ka karanta wannan ka ga gara ka nemi wata ta zauna da matarka, ba zan ji haushi ba, ka aiko mani da hoton jaririn kawai. In kuma har yanzu kana so in zo, ganyena a shanye yake, zan hau mota in zo Mayahi. Sai dai na san halina, tsufa bai rage shi ba, ina nan da bakina da taurin kaina. Shi ya sa nake so ka amsa mani abu ɗaya kafin in ɗaure kaya. Ranar da na kafe a kan abin da kai ka san ba daidai ba ne, za ka iya ɗaga ido ka dube ni ka ce a'a, ko kai ma sunkuyar da kai za ka yi ka ce "To, Kaka"?